Kofunan Kiristal 'Yan Faransa: Na Jere Ne Ko Na Sha?

TAMBAYA

Ni uwa ce a nan Damba, cikin Gusau. Ɗiyata ta fari za a kai ɗaki bayan babbar Salla in Allah Ya kai mu, yanzu haka ina cikin haɗa kayan jere. Wata dillaliya ta kawo mini saitin kofuna 6 da jog ɗinsu, ta ce kiristal ne ɗan Faransa, ta yanka mini kuɗin da ya ninka na kofunan kasuwa sau huɗu. Jikin kwalin kuwa akwai sunan Faransa. Ƙanwata da ke aure a Tsafe ta ce ruɗi ne, ɗan China ne. Ɗan yayata mai karatun aikin lafiya kuma ya ce ko na ƙwarai ne kada in saya, wai da dalma ake yin sa. Mu kuwa mutanen Zamfara kun san abin da sunan dalma ke tuna muna. To mi ne ne kiristal ɗin ga, ƙaƙa ake gane na gaske, kuma ana iya sha da shi?

Maman amarya, Damba, Gusau

AMSA

Hajiya, Allah Ya sanya alheri, Ya kai mu lokacin, Ya ba su zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.

Mutum ukun da kika ambata kowa ya riƙo wani gefe na gaskiya, kuma tun da ban ga kofunan da idona ba, ba zan yanke wa dillaliyarki hukuncin maƙaryaciya ba. Abu guda dai zan iya faɗa miki kai tsaye: kofin da kuɗinsa ya ninka na kasuwa sau huɗu kacal ba ya cikin kayan manyan gidajen kiristal na Faransa. Kofi guda ɗaya tilo na gidan Baccarat, samfurin da ake kira Harcourt, ya haura Yuro 200, wato sama da Naira 300,000 a canjin da aka gani tun daga 2024. Kofi ɗaya fa, ba saiti ba. Amma wannan bai hana kayan da aka kawo miki zama ɗan Faransa ba, domin kayan gilashin da ke ɗauke da sunan ƙasar iri-iri ne, kuma a nan ne ake yi wa mata rufa-ido.

Bari mu fara da shi kansa gilashin. Tambulan ɗin da muke shan ruwa da shi, da kwalbar lemo, da gilashin taga, duk da yashi ake yin su. Ana haɗa farin yashi mai tsabta da wani sinadari dangin kanwa da farar ƙasa, a narka su a wuta mai tsananin zafi. Kiristal shi ma yashin ne, sai dai a wajen haɗi an cire farar ƙasar an zuba garin dalma mai yawa. Wani Bature ɗan Ingila mai suna George Ravenscroft shi ya samu lasisin wannan haɗi a 1674. Dalmar tana yin aiki uku. Tana ƙara nauyi, har kofin kiristal yakan fi ɗan uwansa na gilashi mai girma ɗaya nauyi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Tana sa haske ya karye a cikinsa ya warwatsu, shi ya sa kike ganin launukan bakan gizo a gefen sassaƙarsa. Sannan tana tausasa shi, ya yi daɗin yanka da dutsen niƙa mai juyawa, a fitar da zanen da gilashin kwalba ba zai ɗauka ba. A dokar ƙasashen Turai ta 1969, ba a yarda a kira kaya kiristal mai dalma ba sai dalmar da ke cikinsa ta kai kashi 24 cikin 100. Wanda ya kai kashi 30 shi ne mai babban suna. Saboda haka maganar ɗanki ba shaci-faɗi ba ce. Kusan rubu'in nauyin kofin kiristal na asali dalma ce. Zan dawo kan wannan, don shi ne kashin bayan tambayarki.

Gidajen Faransa da suka yi suna a wannan sana'a huɗu ne, kuma dukkansu suna gabashin ƙasar ne, wajen iyakar Jamus, inda daji ya ba su itacen hura wuta, ƙasa kuma ta ba su yashi. Mafi tsufa shi ne Saint-Louis, wanda asalinsa ya koma 1586. A 1781 ne ma'aikatansa suka gano haɗin da Ingilawa suka daɗe suna riƙe da shi, kuma yau kamfanin Hermès ke da shi. Baccarat sunan wani ƙaramin gari ne a yankin Lorraine. Sarki Louis na 15 ya ba da izinin kafa masana'antar gilashi a wurin a 1764, amma sai a 1816 aka fara kiristal. Kofin Harcourt da na ambata an fara yin sa a 1841, mai gindi mai kusurwa shida, kuma har gobe ana yin sa da hannu. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya sun yi cinikin gidan sosai. Duk wanda ya shiga fadar Dolmabahçe a Istanbul zai ga matattakala wadda sandunan dogaranta kiristal ɗin Baccarat ne. Jan kiristal ɗinsu kuwa da garin zinari ake samun launinsa. Daum, a birnin Nancy tun 1878, ya fi shahara da kayan ado masu launi, waɗanda ake fara siffantawa da kakin zuma kafin a zuba garin kiristal a narka, hanyar da masu zubin tagulla a Binin suka sani tun da daɗewa. Na huɗu shi ne Lalique. René Lalique maƙerin kayan ƙawa ne na mata, sai ya koma yi wa mai turare François Coty kwalabe, daga nan ya kafa masana'anta a Wingen-sur-Moder wadda ta fara aiki a 1922. Shi da gilashi ya yi aiki. Bayan rasuwarsa a 1945 ɗansa Marc ya mayar da gidan kan kiristal.

Tsadar kayan waɗannan gidaje kuɗin hannu ne da kuɗin suna. Mutum ne zai ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututu daga tanda mai zafin da ya kai wajen digiri 1,400, ya busa da bakinsa, wani ya ja ƙafar kofin, wani ya manna gindi, a bar shi ya huce sannu a hankali, sannan mai sassaƙa ya zauna ya yanka kowace tsaga ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ga kumfa ko karkata a jikinsa sai a fasa shi a mayar tanda. A 2023 hukumar UNESCO ta sa wannan sana'ar hannu ta Faransa da wasu ƙasashen Turai biyar cikin jerin al'adun da ya kamata duniya ta adana. Mu ma fa muna da namu masu gilashin: Masaga na Bida sun daɗe suna narka shi suna yin awarwaro da duwatsun wuya, ko da yake mu ba mu ɗauke su da daraja irin wadda Faransawa suka ɗauki nasu ba.

To, irin waɗannan kaya ba a ɗaura su a zani a zaga da su gida-gida. Abin da ya fi shigo mana da sunan Faransa daga wani wuri dabam yake fitowa, garin Arques da ke arewacin ƙasar, inda kamfanin Arc yake tun 1825. Su ne masu Luminarc da Arcoroc da Arcopal, sunayen da duk matar da ta taɓa shiga layin 'yan tangaran a Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta sani. Waɗannan ba kiristal ba ne ko kaɗan. Gilashi ne na inji, wani garai-garai, wani fari fat kamar madara, da yawansu kuma an gasa su yadda za su jure zafi da faɗuwa. Haka ma Duralex, masu ƙananan kofunan shayi, da ke aiki kusa da birnin Orléans tun 1945. Sai dai a 1968 kamfanin Arc ya fito da wani abu da ya girgiza kasuwa, wato Cristal d'Arques, kiristal na gaske mai dalma amma wanda inji ke bugawa, har talakan Faransa ya iya mallakar abin da a da sai gidan masu sarauta. Tsofaffin kayan wannan suna masu dalma ne. Daga baya kamfanin ya cire dalmar daga haɗinsa. Idan dillaliyarki tana da gaskiya, abin da ya fi kusa shi ne Cristal d'Arques ta kawo miki, ko kuma Luminarc mai zane wanda ita ma aka ce mata kiristal ne.

Sannan ki lura da wani abu: sunan kamfani daban, ƙasar da aka ƙera kaya daban. An daɗe ana yin kayan Arc a masana'antun Ras al-Khaimah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, da Nanjing ta China, da Amurka. Luminarc ɗin da aka sayo a Dubai yana iya zama na ƙwarai ba tare da ya taɓa ganin Faransa ba. Akwai kuma kwalayen da ake buga musu hoton hasumiyar Faris da tutar Faransa don kawai su ja ido. A nan ne maganar ƙanwarki take da ƙarfi. Gundumar Pujiang da ke lardin Zhejiang a China, kusa da babbar kasuwar Yiwu inda 'yan kasuwarmu ke saro kaya, ta shahara da yin ƙwallayen ado da duwatsun fitilun rataye masu ƙyalli. Turkiyya tana da Paşabahçe, Masar tana da Asfour a Alƙahira tun 1961, wanda fitilunsa ke rataye a masallatai da manyan falo da yawa, ƙasar Cek kuma tana da nata na Bohemia mai tsohon tarihi. Babu laifi a kayan ko ɗaya daga cikinsu. Laifin shi ne a sayar miki da ɗan Yiwu a kuɗin ɗan Faransa.

Yadda za ki gane kuwa, ki ajiye kwalin gefe, ki ɗauki kofin ki kifa shi, ki duba gindinsa a cikin hasken rana. Manyan gidajen suna sa tambarinsu a jikin gilashin ne, ba a takardar da za a ɓare ba. Baccarat tun 1936 yake ƙona tambarinsa a gindin kowane kaya, da'ira ce mai sunan gidan da na ƙasar da ɗan zanen kofi da tulu. Na Lalique rubutu ne kamar sa hannu. Luminarc da Arcoroc da Duralex ma sukan fito da sunansu a gindi, a jikin gilashin. Daga nan ki bi jikin kofin da yatsa daga baki zuwa ƙafa. Idan kika ji wani siririn layi ya sauko ta gefe biyu, inda bakin mazubi ya haɗu ke nan, inji ne ya buga shi. Ki shafa zanen: sassaƙar hannu tana da kaifi da tsabtar kusurwa, zanen mazubi kuwa a dakushe yake. Ki ɗaga shi da hannu ɗaya, ki riƙe tambulan ɗin gida mai girmansa a ɗayan, ki ji bambancin nauyi. Sai ki riƙe shi ta ƙafa ki ɗan ƙwanƙwasa cikinsa da farce, kada ki bugi baki. Kiristal yana amo mai tsawo kamar ƙararrawa, gilashin kwalba kuwa ƙas zai yi ya yi shiru. Wannan gwaji na ƙarshe shi ne wanda dillalai suka fi so, don yana burge mai saye, amma shi kaɗai bai isa hujja ba. Yanzu ana yin gilashi marar dalma da wasu sinadarai a madadinta, yana ƙyalli yana amo. Amon yana nuna miki gilashi ne mai kyau. Ba ya gaya miki ƙasarsa, ba ya kuma tabbatar miki ko da dalma ko babu. Wanda kika ji shi sakayau kuma babu sanyi a tafin hannu, wannan roba ce mai kama da gilashi, kada ma a ɓata miki lokaci. Idan kuwa kika ga an rubuta 24% tare da haruffan PbO a kwali ko a 'yar takardar da ke manne, to mai dalma ne, su da kansu suka faɗa.

Yanzu ga maganar dalma. Na san ba da wasa kika kawo ta ba. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF, wato Na-gari Na-kowa, suka lura yara ƙanana na ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Sunke da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma tana ciki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma aka yi musu magani. Dalilin shi ne duwatsun zinari da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa. Dutsen yana ɗauke da dalma mai yawa, ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suka yi ta kai ta baki. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, aikin Bagega ma bai samu ba sai 2013. Wanda ya ga wannan ko ya ji shi daga bakin dangi, dole gabansa ya faɗi idan aka ce masa akwai dalma a kofin da 'yarsa za ta sha ruwa.

Amma ya kamata a auna abin da ma'auninsa. A can, dalmar gari ce a sake, ana shaƙa ana haɗiya dare da rana. A kiristal kuwa tana ɗaure ne a cikin gilashin. Ba ta fita ta iska, ba ta shiga ta fata. Kofin da ke zaune a kabad, ko tukunyar fure a kan tebur, ko fitilar da ke rataye a silin, ba sa cutar da kowa. Inda take samun hanyar fita shi ne idan abu mai tsami ya zauna a ciki. Tsami yana lasar fuskar gilashin yana jawo dalmar kaɗan-kaɗan, kuma gwargwadon daɗewa gwargwadon abin da zai jawo. Wasu likitoci biyu na Jami'ar Columbia a Amurka, Joseph Graziano da Conrad Blum, sun wallafa bincike a mujallar Lancet a 1991, inda suka zuba giyar inabi a tulunan kiristal suka ajiye. Cikin wata 4 dalmar da ke cikinta ta ninka fiye da sau 20. Sun kuma ga cewa ko a kofi, 'yar kaɗan takan fara fita cikin mintuna.

Mu ba giya muke sha ba, to amma ki dubi abin shan gidajenmu. Zoɓo mai tsami ne. Kunun tsamiya, sunansa ma ya faɗa. Haka ruwan lemon tsami, da nono, da fura da aka dama da shi, da kunun zaƙi idan ya kwana, da lemon kwalba. Ko zuma, duk da zaƙinta, tana da ɗan tsami a ɓoye. Saboda haka jog ɗin nan ya fi kofunan zama abin lura, domin shi ne za a cika da zoɓo tun la'asar a sa a firiji a jira shan ruwa a watan azumi, abin da ya rage kuma ya kwana a ciki. Idan mai dalma ne, kada a yi haka da shi. Babban mutum ya sha ruwa ko lemo a kofin kiristal ranar suna ko ranar Salla, a zuba a shanye a wanke, abin da zai shiga jikinsa ƙanƙani ne. Yara da masu juna biyu kuwa a raba su da shi gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya illa, jikin yaro kuma ya fi na babba tsotse ta sau da yawa, tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta mai ciki kuma tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi. Amarya kuwa, Hajiya, ai fatan da muke yi mata ke nan, kafin shekara ta zagayo a zo mana da albishir. Ki sa wannan a lissafi.

Tun da maganar ta zo, akwai abubuwan da suka fi kofin kiristal kusa da bakin yaranmu. Kwallin dutse mai ƙyalli da ake rambaɗa wa jarirai, sau da yawa ainihin dutsen dalma ne aka niƙa. Tukwanen da ake zubawa daga tarkacen ƙarafa ma, idan aka haɗa da abin da bai kamata ba wajen narki, sukan saki dalma a miya. Sannan kofunan nan masu araha da aka yi wa fenti ja da rawaya har bakin da ake kafa leɓe: wani bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2017 ya samu dalma mai yawa a fentin irin waɗannan kofuna. Kofi garai-garai marar fenti ya fi su aminci nesa ba kusa ba.

Idan kin riga kin saya, ko an ba amarya mai dalma a gudummawa, ba sai an zubar ba. A cika shi da ruwan khal a bar shi kwana ɗaya, a zubar, a ɗauraye sosai. Wannan yana kwashe dalmar da ke sama-sama, ko da yake bai mayar da shi marar dalma ba. Kwanon kiristal a zuba masa dabino ko alawa mai leda ko goro. Kwalabensa kuma a zuba humra da turare, wanda dama kwalabensa ne suka kai Lalique ga kafa masana'anta. Zuma da man shanu da yaji a bar su a mazubansu.

Akwai kuma wasu abubuwa biyu da dillalai ba sa faɗa. Yawancin kofunan kiristal na Turai masu doguwar ƙafa an tsara su ne don giya, kowace giya da siffar kofinta, tulunan nan masu murfin gilashi ma nata ne. Sabon kofi dai kofi ne, abin da aka zuba masa shi ne abin tambaya, amma a gari irin Gusau ba za a rasa gwaggon da za ta ɗaga gira ba ranar ganin ɗaki, don haka tambulan mai faɗin gindi ya fi kwanciyar hankali, ya kuma fi jure hannun yara. Na biyu, kayan adon Lalique da Daum da masu kwaikwayonsu cike suke da siffofin kifi da doki da tsuntsu da mata. Wata shahararriyar tukunyar furen Lalique ta 1927 mata ne zagaye da ita babu sutura. Gidaje da yawa ba sa ajiye mutum-mutumi, saboda haka ki duba da kyau kafin ki biya, ki zaɓi mai zanen ganye ko fure ko tsaga zalla. Shi gilashi ba zinari ba ne ba azurfa ba, waɗanda hadisi ya hana ci da sha a cikinsu. Mai bakin ruwan zinari kuwa, wannan ki tambayi malaminku.

Wajen kulawa, kiristal ba ya son sauyin zafi na farat ɗaya. Aka zuba masa tafasasshen shayi, ko aka fito da shi daga firiji aka tsoma a ruwan zafi, sai ki ji ƙas, ya tsage. Shayi na Duralex ne da Arcoroc da tangaran. Kada a kuskura a sa garwashin turaren wuta a kwanonsa, kasko ya fi shi iya wannan aiki. A wanke shi ɗaya-ɗaya da ruwa mai ɗumi-ɗumi, a shimfiɗa tsumma a gindin roba, mai wankin ta cire zobe da awarwaro, kuma ban da soson ƙarfe ko toka. Da yake ya fi gilashi taushi, ƙurar hunturu ma tana karce shi idan aka goge ta a bushe, gara a ɗauraye sannan a tsane da tsumma mai laushi. Ruwan burtsatse mai zartsi yakan bar farin dusashe a jiki, ɗan ruwan khal yana fitar da shi. Ƙwallon ado kuma kada a ajiye shi a bakin taga inda rana ke bugawa, domin yana tara haske wuri guda har ya ƙona labule. In daga Kano za a taho da kayan, ki tuna da hanyar Funtuwa zuwa Tsafe zuwa Gusau: kowane kofi a naɗe shi daban, a tsayar da shi a tsaye, kada a cusa wani cikin wani, kwalin kuma ya zauna a cinyar mutum, kada ya shiga but ƙarƙashin buhu. Ranar jere ma a ɗora alhakinsa a kan mutum ɗaya mai natsuwa, a jera shi bayan an gama kafa gado da kabad.

Da ni ce ke, ga yadda zan raba kuɗin. Jere kullum sauyawa yake yi. Kakanninmu ƙorai suka jera, aka zo zamanin tasa da langa, aka yi na kwalla da fanteka da samira har rufin ɗaki, sannan tangaran da kuloli suka kore su. Kowane zamani akwai uwar da ta ci bashi don abin da bayan shekara goma aka tura ƙarƙashin gado. Kaso mafi tsoka ki sa shi a gilashin da za a yi aiki da shi kullum, garai-garai, marar fenti, mai tambari a gindi, wanda in ɗaya ya fashe za a samu ɗan uwansa a kasuwar Gusau. In zuciyarki tana son ƙyallin nan, kuma ba laifi ba ne uwa ta so ɗakin ɗiyarta ya haska, ki sayi abu ɗaya ko biyu masu kyau na ado, kwanon dabino ko tukunyar fure, waɗanda ba a sha da su, nan dalma ba ta da hanyar zuwa ciki.

Saitin dillaliya kuma, ki ce ta bar miki kofi ɗaya ya kwana. Ki kifa shi ki karanta gindi, ki sa ɗan nan naki ya duba kwalin ya nemo inda aka rubuta ƙasar da aka ƙera shi da ko akwai 24% ɗin nan. In sabon Cristal d'Arques ne ko Luminarc mai tambari, ki sa wani ya tambayo miki farashinsa a Sabon Gari ta waya, ki ɗora mata ribar da ta dace da wahalarta ki biya. In babu tambari ko kaɗan, ki taya shi a kuɗin ɗan China mai kyau, jog ɗin kuma ki gaya wa amarya na ruwan sanyi ne kawai, a zuba a sha a juye.